Daga Fagen Kokawa Zuwa Cikin Keji

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata gardama da aka tafka a gidanmu lokacin hutun da ya wuce. Ni mutumin ƙasar Bagudo ne, daga wani ƙauye da ke tsakanin Ka'oje da Tsamiya, inda in mutum ya yi sammako bisa babur, kafin azahar ya tsallaka Segbana ta ƙasar Benin, ya ci kasuwa ya komo. A wajenmu, da zarar an yanke gero an kai rumbu, to, sai kiɗan 'yan kokawa. Samari su ɗaura walki, su rataya layu, ƙauye ya tashi ya tafi wa ƙauye.

Yayana ɗan kokawa ne, kuma kaka uku ke nan ba wanda ya kai bayansa ƙasa a karkararmu. Wata rana da dare muna zaune a tsakar gida, sai ya miƙa wa kawunmu wayarsa, ya nuna masa wasu ƙarti biyu suna faɗa cikin keji, ya ce shi fa ya yanke shawara zai sayar da bijimansa biyu na huɗa, ya tafi Ikko ko Kwatano ya koyi wannan sana'a, don ya ji wani ɗan kokawar Senegal ya shige ta ya zama zakaran duniya. Kawu tsohon ɗan kokawa ne. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, can sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, tafi ka bincika mana labarin mutumin nan tun daga tushe, kafin ɗan'uwanka ya rabu da shanunsa." Ga abin da na samo.

Shi wannan faɗa ana kiransa MMA, wato faɗan da aka gauraya dambe da kokawa da shuri da maƙura duk a wuri guda. Ana yinsa turmi-turmi kamar dambenmu, kowane turmi minti 5. Faɗan yau da kullum turmi 3 ne, na neman kambi kuwa turmi 5. Ana cin mutum in ya suma, ko alƙalin wasa ya ga ba ya iya kare kansa, ko shi da kansa ya bubbuga hannu alamar ya sallama, ko kuma lokaci ya cika alƙalai uku su ba da maki. Kamfanin da ya fi suna a wannan harka, UFC, ya fara ne a Amurka a 1993, kuma wanda ya cinye gasar farko, Royce Gracie na Barazil, ba ƙato ba ne. Da maƙura da murɗe gaɓa ya riƙa gamawa da waɗanda suka fi shi jiki, duk a kwance a ƙasa.

To, a nan fa gizo yake saƙa. A kokawarmu, da bayan mutum ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kirari, mata su rangaɗa guɗa. Haka yake a ƙauyenmu, haka a bikin kamun kifi na Argungu, haka kuma a gasar takobi ta Nijar da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, wadda kuma maƙwabcinmu Isaka Isaka na Doso ya ɗauka har sau 6 ya zuwa ƙarshen 2023. A cikin keji kuwa, kaye ba ya ƙare komai. Inda tamu kokawa ta tsaya, nan nasu faɗan yake farawa. Ka ka da mutum, ya jawo ka kansa, ya naɗe maka wuya da ƙafafu, kai da ka yi kayen kai za ka nemi ceto.

Mutumin da yayana yake magana a kansa sunansa Oumar Kane, amma an fi saninsa da Reug Reug. An haife shi a 1992 a Thiaroye, wata unguwar masunta a bakin teku kusa da Dakar. A Senegal kokawa iri biyu ce: akwai irin tamu ta zalla, akwai kuma wadda ake haɗawa da naushi da hannu tsirara, wadda ake cika manyan filayen wasa dominta. Reug Reug ya yi suna a duka biyun kafin ya leƙa MMA. Ku lura da wannan, don ba ƙaramin abu ba ne: shi ya riga ya san ɗanɗanon naushi a fuska, abin da yayana bai taɓa ji ba sai dai marin Inna da yana yaro.

Faɗansa na farko a sabuwar sana'ar ya yi shi a Dakar a watan Disamba na 2019, ya riƙa sunkutar abokin karawarsa yana makawa da ƙasa kamar buhun gyaɗa, ya ci. Hotunan suka zaga duniya, kamfanin ONE Championship na Singafo ya ɗauke shi. A farkon 2021 ya ci faɗa biyu a jere, mutane suka ce ai ba mai tare shi. Sai ga watan Afrilu na shekarar, aka haɗa shi da Kirill Grishenko na Belarus, wanda shi ma ɗan kokawa ne, bai kayuwa da sauƙi. Reug Reug ya yi ta turawa, ya yi ta runguma, ƙarfi ya tafi a banza, numfashi ya soma ƙarewa. Daidai ƙarewar turmi na biyu Grishenko ya kai masa naushi, ya zube yana riƙe da maƙogwaro, bai iya ci gaba ba. Aka yi ta yi masa dariya a intanet.

Abin da ya burge ni da shi shi ne bai yi zuciya ba. Ya koma ya zama ɗalibi, shi da ake yi wa kiɗa a gida. Ya koyi tanadin numfashi, ya koyi kare fuska, ya koyi yadda ake tashi in an danne mutum. Ya ci faɗa biyu a 2022. A watan Agusta na 2023 aka haɗa shi da Marcus Almeida na Barazil, wanda ake kira Buchecha, gwanin faɗan ƙasa da ya sha zama zakaran duniya a fanninsa. Kowa ya ce da sun kai ƙasa shi ke nan. Sun kai ƙasan, amma Reug Reug ya riƙa kuɓucewa yana miƙewa, har turmi uku suka cika, alƙalai duka uku suka ba shi. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2024, a filin Lumpinee na birnin Bankok, ya kara da Anatoly Malykhin na Rasha, wanda ba a taɓa cinsa ba a wannan sana'a. Suka yi minti 25 cur. Alƙalai biyu suka ba Reug Reug, ɗaya ya ba Malykhin, ya ɗauki kambin masu nauyi na ONE. Daga faɗansa na farko zuwa wannan dare shekara biyar ne.

Amma kada a ce na ɓoye ɗaya gefen. Akwai wani ɗan ƙasarsu, Serigne Ousmane Dia, wanda ake kira Bombardier, mutumin Mbour. A kokawa ya fi Reug Reug tarihi nesa ba kusa ba, don sau biyu yana zama sarkin fagen Senegal, a 2002 da 2014. Shi ma ya shiga MMA da girma ya soma kama shi, ya ci na farko-farko. A watan Oktoba na 2021 ya je ƙasar Folan ya gamu da Mariusz Pudzianowski, wanda ya taɓa cinye gasar ƙarfafan duniya sau 5. Daƙiƙa 18 aka yi. Naushi ya same shi kafin ma ya kai hannu ya kama, sarki guda ya miƙe a ƙasa. Da na karanta wa Kawu wannan, sai ya girgiza kai ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Yayana ya ce to, ina Kamaru Usman, ɗan Nijeriya, ai da kokawa ya tashi? Gaskiya ne. An haife shi a Auchi a 1987, aka tafi da shi Amurka yana yaro, ya zama zakaran kokawa na rukuninsa a gasar jami'o'i a 2010, ya ɗauki kambin UFC a 2019, ya riƙe har 2022 da Leon Edwards ya shure shi a ka a turmi na biyar. Sai dai kokawar makarantun Amurka ba ta ƙarewa da kaye, sai an danne kafaɗun mutum a tabarma ko an fi shi maki. Wato shi tun yana ɗan makaranta kamarmu ya saba da gumurzu a kwance, ga malamai, ga likita, ga abinci.

Ni dai a ganina ɗan kokawarmu yana da jari na gaske: ƙarfin ƙugu, da tsayuwar ƙafa, da sanin inda nauyin mutum ya karkata, da rashin tsoron taro. Amma wannan bai fi kashi ɗaya cikin uku na abin da ake bukata ba, kuma kuɗin bijimai biyu ba za su ciyar da mutum a Ikko shekara biyar ba. Balle in hannu ya karye ko kai ya taɓu, wa zai biya asibiti? Mu ma da muke kallo a waya, waɗanda suka ci muke gani.

Da na gama bayani, Kawu bai yi wa'azi ba. Sai ya ce wa yayana, "Kwanta rigingine." Ya kira wani ɗan baffanmu da bai kai shi rabin jiki ba, ya ce ya hau ƙirjinsa ya matse shi da gwiwoyi. Sa'an nan ya ce, "To, tashi." Yayana ya yunƙura, ya wuntsila ƙafafu, ya tura, yaro yana bisa kamar kaska. Sai da ya jiƙe da gumi kafin ya jefar da shi. Ya zauna yana haki, ya ce wallahi tunda ya fara kokawa bai taɓa yin minti ɗaya a kwance da mutum a kansa ba. Kawu ya ce, "Ai na sani, ɗana. Ni ma haka."

Har na komo makaranta bijimai suna nan a turke, an ma yi huɗar bana da su. Yayana bai ce ya fasa ba, ya ce sai bayan kokawar kaka zai sake magana. Amma daren da zan taho ya tashe ni daga barci, ya ce in nemo masa faɗan nan na Grishenko, in kai masa turmi na biyu, yana so ya ga daidai inda numfashin Reug Reug ya fara ƙarewa.