Amsar Tambaya: Shuɗin Furen Filayen Iowa

Wani ɗalibi da ke karatu a jihar Iowa ta Amurka ya tambaye mu sunan wani ɗan fure shuɗi-shuɗi da ya gani a filin ciyawa cikin watan Mayu, da kuma ko ciyawa ce.

Malam, in har ganyayen furen shida ne, kowanne da ɗan tsini a bakinsa, tsakiyarsu kuwa rawaya, to, galibin zato shi ne wanda malaman tsirrai ke kira Sisyrinchium campestre, wanda wani masanin tsirrai mai suna Bicknell ya raɗa wa suna a 1899, kuma nasabarsa tana komawa ga dangin furen Iris, duk da kamarsa da ciyawa. Hujja mafi ƙarfi tana ga karan: in ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji shi da faɗi, mai kaifi biyu, alhali ganyayensa suna rungumar juna daga gindi tamkar mafici. Ka je da hantsi, domin da maraice yakan rufe, har mai nema ya wuce shi bai sani ba.

Ina roƙonka kada ka tumɓuke shi, gama noma ya cinye akasarin irin waɗannan filaye a Iowa. Hoto ya wadatar.