Kaji Da Sanyin Hunturu

Kadan kana kiwon kaji a Lafani ko a wani ƙauye na ƙasar Illela, ka san hasarar da akan yi daga watan Disamba zuwa Fabrairu. Kaza ta kwanta kwana 21 bisa ƙwai, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma, kafin hunturu ya wuce saura biyu ko uku. Mutane su ce sanyi ne. Wani sa'i gaskiyarsu, wani sa'i kuwa ba sanyi ba ne. Wajibi ne ka iya rarrabewa.

A Ingila da Kanada sanyi yakan kai har ruwa ya zama ƙanƙara. Can zankon zakara, watau jan naman nan da ke bisa kansa, yakan daskare, haka yatsunsa. Wurin ya yi fari, sa'an nan ya yi baƙi, ya bushe ya faɗi. Maganinsu shi ne su ɗumama wurin sannu sannu da ruwa mai ɗumi, ba su murzawa. A ƙasar Sakkwato sanyi bai kai haka ba. A ma'aunin zafi ruwa yana daskarewa a awo 0, darenmu na hunturu kuwa galibi yana bisa awo 10. Babbar kaza mai lafiya, zafin jikinta wajen awo 41 ne, ga gashi, ba ta kula.

Ɗan tsako fa? Shi ne abin tausayi. A makonsa na fari yana bukatar ɗumi na wajen awo 33, ba ya kuwa iya riƙe zafin jikinsa sai gashinsa ya fito sosai, bayan mako biyar ko shida. Kaza ba ta da hankalin wannan lissafi. Tun asuba takan ja su zuwa juji, iska na kaɗawa. Saboda haka ka tsare ta da 'ya'yanta cikin akurki, kada ka buɗe sai hantsi.

Iska da laima su ne manyan abokan gaba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take fitowa, to ƙofar akurkinka ta dubi kudu ko yamma. Kadan an riga an gina ta duban gabas, ka kafa zana a gabanta. Ka zuba ƙaiƙayi ko buntun shinkafa a ƙasa, in ya jiƙe ka kwashe ka sake. Amma kada ka toshe akurki ruf, ka bar 'yar kafa daga sama, domin tururin kashinsu ya fita. Waɗansu sukan sa kaskon garwashi ciki su rufe. Wannan ganganci ne, gama hayaƙin gawayi yana kisa, ƙaiƙayi kuma ba ya jimrin wuta. Da maraice ka ba su tsakin gero ko na dawa da dusa su kwana da ƙoshi, 'yan tsaki kuma a haƙo musu gara. Ruwan shansu a kasko marar zurfi, ka jefa tsakuwa ciki don kada su faɗa su jiƙe.

In ka tarad da ɗan tsako ya sanƙame da safe, kada ka yi saurin yar da shi. Ka naɗe shi da tsumma, ka sa shi cikin ƙwarya kusa da murhu, ba dab da wuta ba. Ya farfaɗo, ka ba shi ruwa mai ɗumi da ɗan sukari.

To, amma kadan ka ga manyan kaji suna rurrufe ido, suna saki fiffike, suna zawo kore, wata wuyanta ya murɗe, suna mutuwa bi da bi, wannan ba sanyi ba ne. Annoba ce wadda Turawa ke kira Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gan ta a 1926. Da hunturu ta fi yawa a ƙasarmu. Ba ta da magani in ta kama, barkono da jar kanwa ba su kashe ta. Sai riga-kafi. Ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wani wanda ake ɗiga wa kaza a ido. Ka nemi malamin dabbobi tun watan Oktoba ko Nuwamba, a sake bayan wata uku ko huɗu.

Kazar da ka sayo a kasuwar Illela ko ta Birnin Ƙonni, ko da ta gudunmawa ce aka kawo maka, ka ware ta mako biyu kafin ta gamu da naka. Wadda ta mutu kuwa ka haƙa rami mai zurfi ka binne, kada ka jefa a juji kare ya ja ta gidan maƙwabci.