Haƙurin Mai-bin Almasihu Cikin Gidansa

Ya kai mai-karatu, wataƙila ba ka daɗe da ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu ba, ga shi kuwa zuciyarka ta ƙosa. Matarka ba ta karɓi Maganar ba tukuna. Mahaifinka ya daina cin tuwo tare da kai. Ka yi addu'a wata uku, ba ka ga kome ya sāke ba. Kana cewa a ranka, Har yaushe?

Mutanenmu sun san haƙuri. Sa'anda gobara ta ci rumbu, ko yaro ya mutu, a kan ce, Sai haƙuri. Magana ce mai-kyau, amma sau da yawa ma'anarta ke nan: babu makawa, a sunkuyar da kai. Haƙurin da Littafi Mai-tsarki ya ke koya mana ya wuce wannan, gama yana sauraron Wanda ya yi alkawari, yana kuwa sa zuciya ga cikawarsa.

Ka duba Ibrahim. Yana da shekara 75 sa'anda ya fita Haran da alkawarin zuriya. Yana da shekara 100 aka haifa masa Ishaku. Shekara 25 ke nan. A tsakiyar jiran nan Saratu ta gaji, ta ba shi baiwarta Hajaratu, ta haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86. Me ya biyo baya? Reni, da kishi, da gudu zuwa jeji, daga baya kuma aka sallami uwa da ɗa da gurasa da salkar ruwa. Allah ba ya yashe su ba, ya ji kukan yaron, ya sa masa albarka. Duk da haka gidan ya sha baƙinciki wanda gaggawa ta jawo. Ka lura, ba mugunta suka nufa ba. So suka yi su taimaki Allah ya cika maganarsa da sauri. Wannan jaraba ce ta fi kama sabon mai-bi.

Yaƙub manzo, cikin sura 5 ta wasiƙarsa, ya nuna mana manomi mai-jiran ruwan fari da na ƙarshe. Kai ma ka san wannan. Mai-binne ya kan zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun sama ba ta ce kome ba, ba ya kan tono shi kowace safiya domin ya ga ko ya tsira. Gero ya kan nuna cikin kamar wata uku, dawa kuwa sai bayan ruwa ya ɗauke. Wa ya taɓa zagin dawa domin ba ta nuna tare da gero ba? Hakanan mutanen gidanka su ke. Kada ka matsa wa matarka da gardama dare da rana, kada kuwa ka duki yaro domin ya kasa riƙe aya. Bitrus ya gaya wa mata masu-bi, mazajensu suna iya rinjayuwa ta wurin halinsu ba tare da magana ba. Miji ma ya ɗauki wannan ga kansa.

Jiran nan ba zaman banza ba ne. Ka gai da mahaifinka da ladabi ko ba ya amsa ba, ka kai masa rabonsa da kaka kamar dā. Sa'anda fushi ya taso maka, ka fita waje tukuna kafin ka buɗe baki. Da yamma ka tara waɗanda suka yarda, ko da yaro ɗaya ne, ku yi addu'a, kuna ambaton sauran da sunansu ɗaya ɗaya, da murya mai-taushi, ba domin su ji daga bayan zana su ji kunya ba. Idan ka yi gaggawa ka ɓata wa wani rai, ka je ka roƙi gafara tun rana ba ta faɗi ba, ko da ƙanenka ne.