Yadda Ake Hana Sauti Tsalle Wajen Haɗa Bidiyo A Waya

A Unguwar Boro, kusa da Sabon Tasha a ƙaramar hukumar Chikun, mai ɗaukar gajeren wasan barkwanci da waya ba ya rabuwa da ƙara: tirela a titin Kachia, hon ɗin keke napep, lasifikar coci ko ta masallaci, ga kuma janareton maƙwabci. Sai a ɗauki maganar ɗan wasa na farko janareto na aiki, kafin a juya kan na biyu an kawo wuta an kashe shi. Idan aka haɗa su, ƙugin yana zuwa yana ɗaukewa a kowace gaɓa. Ido yakan yafe canjin hoto, amma da zarar kunne ya ji tsallen nan, mai kallo a TikTok ya wuce, wahalar yini guda ta tafi a banza.

Maganin shi ne hoto ya riƙa yankewa, sautin wuri kuwa ya ci gaba ba yankewa.

1. A naɗi shirun wuri

Babu wurin da yake shiru ɗungurungum. Kowane ɗaki ko tsakar gida yana da sautinsa: fanka, iska, hayaniyar nesa. Kafin a tashi, kowa ya yi tsit a inda yake, a naɗi daƙiƙa 30 zuwa 60 da makirufon da aka yi aiki da shi. Wajen tacewa a CapCut, KineMaster ko VN, sai a shimfiɗa wannan sautin a layi na daban, daga farkon fitowa zuwa ƙarshenta, a rage ƙarfinsa. Shi zai cike ramukan da ke tsakanin yanka da yanka.

2. Tazarar makirufo ta zama ɗaya

Idan waya ta matso, murya ta yi kauri, idan ta ja baya kuma ƙarar titi ta danne ta. Gara a maƙala ƙaramin makirufo a riga, kamar taƙi ɗaya daga baki, ko a ajiye waya ta biyu kusa da 'yan wasa tana naɗar sauti kawai. A tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka. Tsinin da tafin zai fitar a zanen sauti shi ake bi a daidaita baki da murya.

3. A kula da dabarar waya

Yawancin wayoyi suna ɗaga sauti da kansu idan an yi shiru, shi ya sa ƙarar baya take kumbura da zarar ɗan wasa ya rufe baki. A Android, manhajar Open Camera tana da zaɓin naɗar sauti ba tare da wannan gyaran ba, idan wayar ta yarda.

4. Kada hoto da sauti su yanke tare

A raba sauti da hoto a manhajar, sannan a bar muryar mai magana na gaba ta shigo kafin fuskarsa ta bayyana. Wannan shi ne yankan J. Idan kuma murya ta ci gaba bayan hoto ya koma kan mai sauraro, yankan L ke nan. Rabin daƙiƙa ma ya isa.

5. A goge bakin yanka

Ɗan “ƙas” da ake ji a mahaɗa yana zuwa ne idan an datse sauti kwatsam. A sa ƙarshen na farko ya dusashe, farkon na biyu ya taso a hankali, na tsawon firam 2 zuwa 4. A bidiyo mai firam 25 a daƙiƙa, hakan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba.

Kafin a ɗora, a sa iyafis, a rufe ido, a saurari bidiyon gaba ɗaya. Duk inda kunne ya gane an yanka, nan ne sauran aiki. Bayan haka a sake ji ta lasifikar waya, domin da ita mafi yawan masu kallo za su saurara.