Darasi: Hatsarin motar ɗaga ma'aikata a wurin gini

Bayan girbi samarinmu da yawa sukan tafi ci-rani Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, su kama aikin gini. A manyan gine-gine akwai wata mota mai dogon hannu, da kwandon ƙarfe a bakinsa. Ita ce ke ɗaga ma'aikaci sama don shafa fenti, ko gyaran rufi, ko ɗaura waya. Tana sauƙaƙa aiki, amma sakaci da ita yana kisa.

Ta ina hatsari yake zuwa?

1. Ma'aikaci ya taka ƙarfen kwando don ya miƙa hannu nesa, sai ya faɗo.
2. Mota ta tsaya kan rairayi, ko gangare, ko bakin rami, sai ta kife.
3. Kwando ya kusanci wayar lantarki. Wuta mai ƙarfi tana iya tsallakowa ko ba a taɓa wayar ba.
4. Kwando ya matse mutum da rufi ko bango.

Yaya za mu kiyaye?

Wanda bai sami horo ba, kada ya taɓa motar. A sa hular kwano, a ɗaura ɗamarar tsaro, a maƙala igiyarta a jikin kwando. Kada a ɗora kaya fiye da nauyin da aka rubuta a jikin motar. A bar aƙalla mita 3 tsakanin kwando da wayar lantarki. In iskar hadari ta taso, a sauko. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kwando.

In wani ya faɗo fa?

Kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi, kada a ba shi ruwa. Mai yiwuwa ƙashin wuyansa ko na bayansa ya karye, motsa shi kuwa yana iya shanye masa ƙafafu har abada. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. In lantarki ne, kada a taɓa shi sai an yanke wuta. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Doka ta wajabta wa mai aiki ya sanar da hatsarin ga asusun CNSS cikin awa 48, don a biya maganin ma'aikaci da diyyarsa. Saboda haka, tun ranar kama aiki, ka tambaya ko an rubuta sunanka a can.

Tambayoyi

1. Mita nawa ake bari tsakanin kwando da waya?
2. Don me ba a ɗaga wanda ya faɗo?