Darasin wannan mako: Idan babur ya fara baƙuwar ƙara

A nan Kpandai, babur, wanda mutanen gari ke kira moto, shi ne jakinmu. Da shi muke ɗauko ruwa da doya, da shi muke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Hanyar Salaga da ta Bimbilla zuwa Yendi suna da nisa, ga ƙura lokacin hunturu, ga laka da damina, kuma duka biyun suna cin sarƙar babur. Idan sarƙa ta fita ana cikin gudu, tana iya maƙale ƙafar baya ta kayar da mutum. Amma kafin haka ta faru, babur yakan yi kuka. Abin da za mu koya yau shi ne gane inda kukan yake fitowa kafin mu kashe sidi ko ɗaya.

Gwaji na farko: a tsaye. Mu tada inji, giya na firi, mu saurara. Idan akwai ƙarar gwaram-gwaram, amma da an matse kuloci sai ta ɗauke, to daga kuloci ne ko cikin giya. Wannan aikin makanike ne, kada mu buɗe inji da kanmu.

Gwaji na biyu: a tafe. Mu sami fili inda babu yara, mu tafi a hankali, sannan mu matse kuloci mu saki totur. Idan ƙarar ta tafi, tana wajen inji. Idan ta ci gaba tana bin juyawar taya, to mu nemi sarƙa, boris ko birki.

Gwaji na uku: da hannu. Mu kashe inji, mu ɗaga babur a kan jak ɗin tsakiya, mu juya ƙafar baya a hankali. Kada a taɓa sarƙa inji yana aiki, yatsu sun sha guntulewa ta haka. Abubuwa huɗu za mu duba:

1. Sakin sarƙa. Mu tura ta sama da ƙasa daga tsakiya. A yawancin ƙananan babura irin su Boxer da Haojue, motsin bai kamata ya wuce santimita 2 zuwa 3 ba, wato kamar faɗin yatsu biyu. Mai saki da yawa tana dukan murfinta, kwas-kwas. Mai tauri da yawa tana kuka, tana kuma kashe boris.

2. Haƙoran da sarƙa ke hawa. Idan sun yi tsini ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya, sun gama aiki. A canja su tare da sarƙar, don tsoffin haƙora suna cinye sabuwar sarƙa da wuri.

3. Boris. Mu riƙe taya mu girgiza ta gefe da gefe. Idan tana wasa, ko tana gurnani kamar dutsen niƙa, boris ya mutu.

4. Robobin cikin ƙafar baya. Idan faifan haƙoran yana motsi gaba da baya alhali taya na tsaye, sun cinye. Su ne ke sa a ji ƙwal idan an ba da wuta ko an sauke.

Sau da yawa maganin mai sauƙi ne: a wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a sa mata mai, kamar bayan kowace kilomita 500, ko duk lokacin da aka ratsa ruwa. Amma idan giya na fita da kanta, ko muka ga ɓurɓushin ƙarfe a cikin baƙin mai, a ajiye babur, kada a ɗauki kowa a kai.

Idan mun je wurin makanike, mu gaya masa lokacin da ƙarar ke zuwa da lokacin da take ɗaukewa. Wanda ya zo da wannan bayani ba a cika sa shi sayen kayan da ba ya bukata ba. Babur ɗin da unguwa ta dogara da shi don kai marar lafiya kuwa, a duba sarƙarsa tun da rana.