Rainon Ɗan Wasan Gaba a Filayen Daura da Abin da Yawan Ƙwallaye ke Ɓoyewa

Ɗan wasan gaba, wato wanda 'yan kallo ke kira lamba tara, shi ne ɗan wasan da aka fi saurin yanke wa hukunci a fagen tamaula, domin aikinsa yana da ma'aunin da kowa ke iya ƙirgawa, wato sau nawa ya jefa ƙwallo a raga. A filayen makarantu da na unguwanni a Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, inda ake gasar yara kusan kowane hutu, yaron da ya ci ƙwallaye bakwai a gasa guda yakan wayi gari an laƙaba masa sunan wani gwanin Turai, ana kuma yi wa iyayensa albishir da arzikin da ke tafe. Mai wannan rubutu, wanda sana'arsa horar da yara 'yan shekara 12 zuwa 18 ce, ya daɗe da lura cewa yawan ƙwallayen da yaro ya ci yana ɗan shekara 14 ya fi nuna wanda jikinsa ya riga na tsararsa balaga fiye da wanda zai zama gwani, kuma wannan kuskuren awo shi ne ke lalata yara biyu a lokaci guda, wanda aka zuga da wanda aka watsar.

Hujjar farko a kan wannan ta fito ne daga wasan da ba a yi a ƙasar Hausa, wato hokin ƙanƙara, wanda 'yan wasa shida daga kowane ɓangare, uku daga cikinsu 'yan gaba, ke sulu a kan daskararren ruwa suna kora wani ɗan faifan roba mai tauri da sanduna. A shekarar 1985 wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Kanada, Roger Barnsley, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa a manyan gasannin matasa na wannan wasa, waɗanda aka haifa a watanni uku na farkon shekara sun ninka waɗanda aka haifa a watanni uku na ƙarshe kusan sau huɗu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ana raba yara rukuni-rukuni ne daga ranar 1 ga Janairu, saboda haka haifaffen Janairu ya girmi haifaffen Disamba da kusan shekara guda alhali suna aji ɗaya, sai ya fi shi tsawo da ƙarfi, a zaɓe shi, ya samu koci mafi ƙwarewa da wasanni mafi yawa, har bambancin da ya fara daga kalanda ya rikiɗe ya zama bambancin gwaninta na gaske. Daga baya an gano irin wannan son kai na zaɓe a ƙwallon ƙafa a ƙasashe da dama.

A Daura matsalar ta fi ta Kanada faɗi, domin ba watan haihuwa kaɗai ke raba yara ba, har da lokacin da kowannensu ke shiga zangon miƙewa, wato watannin da tsawon yaro ke ƙaruwa da sauri fiye da kowane lokaci bayan yarinta. Ga yawancin maza wannan zango yakan kai ƙololuwarsa tsakanin shekara 13 da 14, inda yaro kan ƙara santimita 8 zuwa 10 a shekara guda, amma wani yakan shige shi tun yana ɗan 12, wani kuma sai ya kusa 16, musamman idan abinci bai wadata ba ko zazzaɓin cizon sauro ya yawaita kwantar da shi. Saboda haka 'yan aji ɗaya a makarantar sakandare suna iya bambanta da shekara uku ko fiye a girman jiki, ko da kuwa babu wanda ya yi ƙaryar shekarunsa.

Akwai yaro guda daga cikin waɗanda mai rubutu ya horar wanda ya isa misali. Yana ɗan shekara 14 ya riga ya yi gemu-gemu, ya fi 'yan bayan da ke tsaronsa tsawo da taƙi, kuma dabararsa ɗaya ce tal: a doko masa ƙwallo bayan 'yan baya, ya bi ta da gudu, ya ture wanda ya tare shi da kafaɗa, ya narka ta da ƙafar dama. Tunda hakan na ci masa, bai taɓa jin buƙatar koyon tare ƙwallo da ƙafar hagu ba, bai kuma damu da tarkon satar gida ba domin ko ya makara zai cim wa ƙwallon, kocin da ya yi ƙoƙarin gyara shi kuwa sai 'yan kallo su ce yana yi masa baƙin ciki. Da suka kai shekara 17 tsararsa suka kamo shi a tsawo, wasu suka wuce shi, kafaɗar ta daina ture kowa, sai ya zama ba shi da abin da zai koma wa. Wani ɗan tsurut da ya yi shekara biyu yana zaman benci a bayansa, wanda rashin ƙarfi ya tilasta wa koyon sakin ƙwallo da wuri da neman gurbin da babu kowa, shi ne ya karɓe rigar. An yi sa'a wannan bai yi zuciya ya daina zuwa fili ba, amma da yawa irinsa sun daina, kuma babu littafin da ya ƙirga su.

Maganin ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Bango mai santsi, da tef ɗin tela, da littafin rubutu sun isa koci ya auna tsawon kowane yaro duk bayan wata uku, ba takalmi, da safe, ya rubuta. Yaron da ya ƙara santimita biyu ko fiye a wata uku yana cikin zangon miƙewa, kuma dole a sassauta masa. A wannan lokaci ƙashi kan riga tsoka da jijiya tsawo, sai yaron da aka sani da iya yanka ya koma kamar ƙafafunsa na aro ne, ƙwallo na zille masa, ana cewa ya lalace ko ya fara girman kai. Sau da yawa kuma wani ƙullutu mai zafi kan fito a ƙasan ƙoƙon gwiwa, daidai inda babbar jijiyar cinya ke manne da ƙashin ƙwauri, ciwon da likitoci ke kira da sunan mutum biyun da suka bayyana shi a 1903, Osgood da Schlatter. Ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba, don haka kai yaro wurin maɗori a murza wurin ko a yi masa tsaga ƙara masa wahala ne kawai. Abin da yake so shi ne rage tsalle da gudun fanfalaki, da miƙar da tsokar cinya a hankali, da ganin likita idan gwiwar ta kumbura ko yaron ya fara ɗingishi. Kocin da ya kira wannan raki, ya sa yaro zagayen fili goma don ladabtarwa, ya yi ganganci. A Ingila manyan kulob sun fara tun 2015 shirya wasannin da ake haɗa yara bisa girman jiki maimakon shekarun haihuwa, kuma babu abin da zai hana a yi haka a atisayen yamma sau ɗaya a mako, a tura ƙaton yaro cikin manya inda ƙarfinsa ba zai fisshe shi ba.

Abin da ya kamata a auna a wurin ɗan gaba yawancinsa yana faruwa ne kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Na farko shi ne waiwaye, wato ɗauke ido daga ƙwallo na ɗan ƙiftawa don ganin inda mai tsaronsa da gola da abokan wasansa suke. Binciken Geir Jordet, wani masani ɗan ƙasar Norway, ya nuna cewa 'yan wasan da suka fi yawan waiwaye kafin karɓar ƙwallo sun fi isar da ita inda suka nufa. Ana koyar da waiwaye cikin sauƙi: koci ya tsaya a bayan yaron ya ɗaga yatsu yayin da ƙwallo ke tafe, yaron ya faɗi adadinsu da ƙarfi kafin ya taɓa ta, idan ya kasa a sake. Makon farko yara kan yi ta dariya suna kuskure, amma bayan wata biyu sai a ga wuyan yana juyawa da kansa. Sai taɓawar farko, wadda ya kamata ta kai ƙwallo inda bugu zai yiwu ba ta tsayar da ita a ƙarƙashin ƙafa ba, da ƙafar da ba a saba da ita ba, wadda bangon gida da minti goma sha biyar kullum ke gyarawa. Duk waɗannan sun fi samuwa a wasan mutum huɗu da huɗu a ɗan ƙaramin fili fiye da sha ɗaya da sha ɗaya a filin manya, inda ɗan shekara 12 kan yi rabin sa'a bai taɓa ƙwallo sau biyar ba. Masu hokin ƙanƙara a Amurka ma sun koma raba filinsu gida-gida ga ƙananan yara saboda wannan dalili.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa hukunci. Filin rairayi yana riƙe ƙwallo, yana koya wa yaro ɗaga ta sama da dukanta da ƙarfi, filin tsandauri kuma yana sa ta tsalle, saboda haka yaron Daura da ya fara taka ciyawa a filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina yakan ga ƙwallo na gudu fiye da yadda ya saba, kuma bai kamata a yanke masa hukunci da gwajin yini ɗaya ba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, don haka atisaye bayan sallar Asuba ko gab da Magariba ya fi, tare da hutun shan ruwa. Da azumi kuwa a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa baki. Fura da nono, da wake, da gyaɗa, da ƙwai idan ya samu, sun wadatar da jiki mai girma. Tiramol da wasu ke haɗiya don kashe gajiya yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da yaro, yana jawo kamu da farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Rage shekaru, wanda wasu iyaye ke ɗauka taimako ne, yana rusa duk wannan lissafi, domin ɗan shekara 19 da aka rubuta 15 zai yi ta cin yara yana jin ya iya, alhali shekarun koyonsa suna ƙarewa. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma ta sha dakatarwar FIFA a 1989 saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, kuma tun gasar 2009 da aka yi a nan gida, wadda Kano na cikin biranen da suka karɓi baƙuncinta, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don duba ko ya gama haɗewa. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda aka yanka tun yaro na jariri, ta fi kowace rantsuwar kotu da aka yi daga baya daraja a idon kulob na waje.

Ko ga wanda baiwarsa ba ta da shakka, hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Victor Osimhen ya ci ƙwallaye 10 a gasar 2015, amma da ya koma Wolfsburg ta Jamus a 2017 bai ci ko ɗaya ba, ga rauni ga jinya, har aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam, ƙaramin kulob inda ya samu buga wasa kowane mako ya ci 20 a kaka guda. Daga nan ne ya wuce Lille, sannan Napoli, inda ƙwallayensa 26 suka taimaka aka ɗauki kofin Italiya a 2023. Ahmed Musa ya bi matakala ne tun daga gida: ƙwallaye 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, sai VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow a 2012, kuma bayan zamansa a Leicester bai yi armashi ba ya koma CSKA aro a 2018, watanni kaɗan kafin ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. A duka biyun, yawan mintunan wasa a matakin da ya dace da su ne ya tayar da su, ba girman sunan kulob ba.

Tafiyar Ahmed Musa Holan ma sai da ta jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010, domin sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙa ya hana kai ɗan ƙasa da wannan shekara wata ƙasa, in ban da 'yan keɓantattun dalilai da ba kasafai suke shafar yaron Daura ba. Don haka dillalin da ya zo wa uba da takardar gayyata yana neman a sayar da gona ko shanu don kai ɗan shekara 15 gwaji Turai, ko dai bai san doka ba ko kuwa ya san abin da yake yi. A ƙa'ida kulob mai gayyata ne ke ɗaukar nauyin tafiya. Dokokin sun kuma tanadi ladan raino ga duk kulob ɗin da ya horar da yaro daga shekara 12, da kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da shi tsakanin ƙasashe, wanda ake raba wa kulob-kulob da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai wannan haƙƙi yana bin rajista ne kawai, kuma tun Nuwamban 2022 FIFA ke biyansa ta wata cibiya da ke duba tarihin ɗan wasa a kwamfuta, saboda haka ƙungiyar unguwa a Daura da ta yi shekara biyar tana saya wa yaro takalmi amma ba ta yi rajistar kanta da nasa sunan a hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Katsina ba, ba za ta ga ko sisi ba ranar da aka sayar da shi.